Yadda ake zaɓar intanet na gida, da rauta, da kafa katangar tsaro

Ranar da aka fara kawo mini intanet gida, ma'aikacin da ya zo haɗawa bai yi rabin awa ba. Ya huda bango, ya zuro kebul, ya ajiye wani farin akwati mai eriya biyu a bayan talabijin, ya tsaya har fitilun suka koma kore, sannan ya ce, "Malam, ya kama. Kalmar sirrin tana ƙarƙashin akwatin." Ya kwashi kayansa ya tafi. Na yi watanni ina ɗora wa kamfanin laifin intanet mai tafiyar hawainiya, ashe rabin laifin a ɗakina yake. Akwatin yana maƙale a lungu tsakanin bango da talabijin, kuma shafin da ake sarrafa shi yana buɗewa da kalmar da duk mai irin wannan akwatin ya sani.

Intanet na gida abu uku ne: layin da ke shigowa daga waje, rautar da ke raba shi ga wayoyi da kwamfutoci, da katangar tsaro da ke tare baƙon da ba a gayyata ba. Yawancinmu a kan na farko muke ƙarar da hankali, domin shi ne mai babbar lamba a talla. Sauran biyun kuwa, waɗanda suke hannunmu ɗari bisa ɗari, sai mu bar su yadda aka kawo su.

Mataki na farko: lissafa abin da gidanka ke ci

Kafin ka saurari kowane kamfani, ɗauki takarda ka rubuta duk abin da zai hau layin: wayoyi, kwamfutoci, talabijin, na'urar wasa, kyamarar tsaro. Amma ba yawansu ne abin dubawa ba, a'a, nawa ne ke aiki mai nauyi a lokaci guda. Waya goma da ke karɓar saƙon WhatsApp ba su kai talabijin ɗaya da ke nuna fim ba.

Ana auna gudun layi da megabit a kowane sakan, shi ne Mbps da kake gani a talla. A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin girman fayil da megabayit ake auna shi, kuma bit 8 ne ke yin bayit 1. Wato layin Mbps 100, ko da yana kan ganiyarsa, megabayit 12.5 yake saukewa a sakan. Idan ka ga fayil yana sauka da 11 ko 12, ba cutarka aka yi ba, lissafin ke nan.

Netflix ya ce Mbps 5 ya isa kallon hoto mai tsabta na 1080p, sai 15 ga 4K, wanda ya fi shi tsabta. Kiran bidiyo mai kyau bai cika wuce Mbps 4 ba. Haɗa naka lissafin: talabijin ɗaya a 4K, mutum biyu suna kallo a waya, ɗaya yana taro ta bidiyo, duka ba su kai 35 ba. Ƙara rabin wannan domin rara, za ka ga Mbps 50 zuwa 100 ya wadatar da gida mai matsakaicin jama'a. Layin gigabit, wato Mbps 1000, yana da daɗin faɗa, amma in ba kana sauke manyan fayiloli kullum ba, kuɗin nan ya fi amfani a kan rauta mai kyau.

Akwai lambobi biyu da talla ba ta son ambata. Ta farko gudun ɗorawa, wato yadda abin da ke fita daga gidanka yake tafiya. Mai taro ta bidiyo, mai aika manyan hotuna, mai kyamarar da ke tura hoto waje, duk da wannan suke rayuwa, kuma a layuka da yawa ba ya kai kashi ɗaya cikin goma na gudun saukewa. Ta biyu jinkiri, lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, kuma a shafukan gwaji za ka gan shi da sunan ping. Shi ne ke sa ku riƙa cin karo da juna a magana yayin kira, kowa ya fara ya tsaya. Ƙasa da 50 babu damuwa, idan ya haura 150 za ka ji a jikinka.

Mataki na biyu: wane irin layi ne ya iso ƙofarka

Idan faiba ta iso inda kake, kada ka tsaya dogon tunani. Haske ne ke ɗaukar bayanai a cikin zaren gilashi, nisa bai cika rage masa ƙarfi ba, jinkirinsa kaɗan ne, kuma a nan ne aka fi samun gudun ɗorawa mai kauri. Sai dai ka tambaya ko faibar har cikin gida take shigowa, ko kuwa a akwatin bakin titi ta tsaya, tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa. Duka biyun ana tallarsu da sunan faiba, amma ba ɗaya ba ne. Idan an shigo maka da ita, kada ka lanƙwasa siririn kebul ɗin nan sosai, yana karyewa daga ciki ba ka gani ba. Kada kuma ka leƙa bakinsa da ido, hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya yi wa ido lahani.

Layin kebul irin na talabijin yana da gudun saukewa mai kyau, amma kai da maƙwabta kuke raba shi, shi ya sa yake nauyi da dare. Layin DSL da ke bin wayar tarho tsohon hannu ne: ADSL2+ ba ya wuce Mbps 24, kuma iya nisanka da cibiyar kamfanin, iya raguwarsa.

Sai rauta mai layin waya, ta 4G ko 5G. Ba huda bango, ba jiran ma'aikaci, ka sa layi ka kunna. Ingancinta kuwa ya dogara ne kacokan da nisanka da hasumiyar sadarwa da yawan mutanen da ke kanta. Gani ya kori ji: kafin ka saya, sa layin wannan kamfanin a wayarka, ka gwada gudu a cikin ɗakin da za a ajiye rautar, da safe, da rana, da kuma wajen ƙarfe tara na dare lokacin da kowa ya koma gida. Sakamakon dare shi ne gaskiyar layin.

Tauraron ɗan'adam na wanda sauran ba su iso gare shi ba ne. Tsofaffin taurarin suna can nisan kilomita 35,786, don haka jinkirinsu yakan kai milisakan 600. Na Starlink suna shawagi a nisan 'yan ɗaruruwan kilomita kawai, jinkirin ya sauko zuwa 'yan gomomi. Amma faifan da ke kama siginar yana son sararin sama buɗe, ba bishiya ba dogon gini, kuma ruwa mai ƙarfi yana taɓa shi.

Mataki na uku: tambayoyi kafin sa hannu

"Har zuwa Mbps 100" ba alkawari ba ne, rufi ne. Tambayi mafi ƙarancin gudun da suka yarda su tsaya a kai, da abin da za su yi idan ya gaza haka. Tambayi gudun ɗorawa da bakinka. Idan an ce data ba iyaka, nemi takardar sharuɗɗa ka karanta, domin sau da yawa akwai wani adadi da in ka wuce shi za a shaƙe gudun har ƙarshen wata. Ka san tsawon kwantiragin, da abin da za ka biya idan ka fita kafin wa'adi, da ko farashin farko na ɗanɗano ne wanda zai tashi bayan 'yan watanni. Ka san ko rautar da za su kawo taka ce ko aro, kuma ko sun yarda ka sa taka.

Amma mafi ingancin bincike shi ne maƙwabcin da ya shekara a kan layin. Tambaye shi abu ɗaya: ran da ya lalace, kwana nawa aka yi kafin a gyara?

Mataki na huɗu: zaɓen rauta

Akwatin da kamfani ke kawowa yawanci modam ne da rauta a jiki ɗaya. Modam shi ke magana da layin waje, rauta ita ke rabawa a cikin gida. Idan gidan ƙarami ne kuma akwatin sabo ne, zai iya wadatarwa. Idan kuwa sigina ba ta kai ɗakin ƙarshe, ko shafin saitin ba ya barinka ka canza komai, lokacin sayen taka ya yi.

Fara da zamanin Wi-Fi ɗin. Tun 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa sunayen zuwa lambobi. Wi-Fi 4 na 2009 ne, ka bar shi. Wi-Fi 5 ya zo wajen 2013, har yanzu yana aiki amma ya tsufa. Wi-Fi 6 na 2019 shi ne abin da zan ce a saya a yau, domin ya fi iya ɗaukar na'urori da yawa a lokaci guda. Wi-Fi 6E ya ƙara zangon 6 GHz, wato wata sabuwar hanyar iska da sigina ke bi, sai Wi-Fi 7 da aka fara ba wa shaida a farkon 2024. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da amfani gare ka sai in wayarka da kwamfutarka ma sun san yarensu.

Dole rautar ta kasance mai zango biyu aƙalla. Zangon 2.4 GHz yana tafiya nesa, yana ratsa bango, amma a hankali yake kuma cike yake da cunkoso, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Zangon 5 GHz yana da gudu da sarari, amma bango biyu masu kauri sun isa su karya masa gwiwa.

Kada babbar lambar da ke jikin kwali ta ruɗe ka. AX1800, alal misali, haɗin zangon biyu ne: 574 da 1201, aka tara aka cike. Wayarka ba ta hawa zango biyu ta haɗa gudunsu a irin wannan rautar, kuma ko wannan 1201 ɗin lissafin takarda ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci yana bayan akwatin: kafofin da ake soka kebul. Wasu rautoci masu araha har yanzu kafofinsu na Mbps 100 ne, inda za ka ga an rubuta 10/100 ko Fast Ethernet. Ka sa irin wannan a layin 300, ka yanke wa kanka kashi biyu cikin uku. Nemi inda aka rubuta Gigabit ko 10/100/1000.

Abu na ƙarshe, wanda ni a wurina ya fi duka nauyi: shin masu ƙera ta suna fitar da sabuntawa? Rauta ƙaramar kwamfuta ce da ke kunne dare da rana, fuskarta a waje. Shiga shafin kamfanin, nemi lambar samfurin, duba ranar da aka fitar da sabuntawa ta ƙarshe. Idan an shekara biyu ko uku shiru, bar musu kayansu komai arhar ta. Ka kuma tabbatar tana da WPA3, wato sabon tsarin kulle Wi-Fi, da damar buɗe layin baƙi.

Ga babban gida ko mai bene, ana iya sa ƙaramar na'urar da ke maimaita sigina, amma mai arhar takan raba gudun biyu, tunda da baki ɗaya take karɓa take mayarwa. Tsarin mesh, wato rautoci biyu ko uku masu suna ɗaya da ke miƙa wa juna, ya fi. Wanda ya fi su duka shi ne jan kebul. Kebul irin Cat5e yana ɗaukar gigabit har tsawon mita 100, kuma duk abin da ba ya motsi, kamar talabijin da kwamfutar tebur, gara a ba shi kebul a rage wa iska kaya.

Idan ka sayi taka rautar kuma akwatin kamfani yana nan, sa nasu a yanayin gada, abin da saitin ke kira Bridge Mode, domin kada rautoci biyu su riƙa yin aiki ɗaya a jere.

Mataki na biyar: inda za ta zauna

Tsakiyar gida, a sama, a fili. Ba cikin kabad ba, ba a ƙasa ba, ba bayan talabijin ba, ba kusa da madubi ko firji ko tankin ruwa ba, domin ƙarfe yana mayar da sigina, ruwa kuma yana shanye ta. Ni dai da na ciro tawa daga lungun nan na ɗora ta a kan shiryayye a falo, ɗakin da a da sai an tsaya bakin ƙofa ya kama tsaf, ban sayi komai ba. Idan rautar mai layin waya ce, ita kam kusa da taga take so, ta ɓangaren hasumiya. A zangon 2.4 GHz, tasha 1 da 6 da 11, abin da saitin ke kira Channel, su ne ba sa hawa kan juna, idan cunkoso ya yi yawa gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na shida: shiga ciki ka canza makullai

Juya rautar. A ƙarƙashinta akwai takarda manne da ƙananan rubutu: sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, adireshin shafin saiti, da sunan shiga. Adireshin yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza daidai inda kake rubuta sunan shafi. Idan takardar ta goge, a Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, lambar da ke gaban Default Gateway ita ce.

Makulli biyu ne a nan, kuma mutane da yawa ɗaya suka sani. Akwai kalmar sirrin Wi-Fi, wadda kake ba wa mutanen gida. Akwai kuma ta shafin saiti, wadda mai ita shi ne mai rautar. Ta biyun ce aka fi bari a admin da admin, kuma ita za ka fara canzawa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60 irin waɗanda ake fitowa da su daga masana'anta, tana gwada su a kyamarori da rautoci. Dubban ɗaruruwa suka buɗe mata. Ran 21 ga Oktoba na shekarar aka juya waɗannan na'urori kan kamfanin Dyn, wanda manyan shafuka suka dogara da shi don a iya isa gare su, sai Twitter da Netflix da Reddit suka ƙi buɗewa ga ɗimbin jama'a a Amurka da Turai. Masu na'urorin suna gida ba su san da kayansu ake aikin ba. Abin ya kai ga Birtaniya ta kafa dokar da ta fara aiki ran 29 ga Afrilu 2024, wadda ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri ta bai-ɗaya mai sauƙin zato.

Daga nan sai sabuntawa. Nemi inda aka rubuta Firmware Update, sabunta, kuma idan akwai zaɓin ta riƙa yi da kanta, kunna shi. Kada ka cire wuta yayin da take sabuntawa, za ka iya mayar da ita kwalin banza.

Yanzu koma saitin Wi-Fi. Canza sunan zuwa wanda ba ya nuna sunanka, lambar gidanka, ko irin rautar. A wajen nau'in tsaro, zaɓi WPA3. Idan wata tsohuwar na'ura ta ƙi hawa, zaɓi haɗin WPA2 da WPA3, ko WPA2 mai AES. WEP kuwa, tun 2001 masu bincike suka nuna yadda ake fasa shi, aka yi ritayarsa a 2004 da WPA2 ya fito. Rautar da WEP kaɗai ta sani ta gama aiki. Ko WPA2 ɗin ma, a 2017 Mathy Vanhoef na jami'ar KU Leuven a Beljiyam ya gano masa rauni da aka sa wa suna KRACK, kuma sabuntawa ce ta toshe shi, ba sayen sabon kaya ba.

Kalmar sirrin Wi-Fi tana ɗaukar harafi 8 zuwa 63. Takwas ɗin nan ƙasa ce, ba manufa ba. Tsawo ya fi tarkace: kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, da 'yan lambobi a tsakani, sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, kuma sun fi sauƙin faɗa wa baƙo. Lambar wayarka da ranar haihuwar ɗanka ba sirri ba ne.

Kashe WPS. An yi shi ne don sauƙi, lamba 8 maimakon kalmar sirri. A Disambar 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi: huɗun farko daban, na baya daban, kuma ta ƙarshen ma lissafi ce daga sauran. Maimakon gwaji miliyan 100, sai ya zama 11,000 kacal, aikin 'yan awoyi. Komai tsawon kalmar sirrinka, idan wannan tagar a buɗe take, an yi ba a yi ba.

Buɗe layin baƙi, ka ba shi kalmar sirri ta daban, ka tabbatar an hana shi ganin na'urorin cikin gida. Ba na baƙi kaɗai ba ne. Kyamara mai araha, talabijin, kwan fitila mai Wi-Fi, duk abin da ba ka san ranar da aka sabunta shi ba, tura shi can, nesa da kwamfutar da kake harkar banki da ita. Sai dai ka sani, wasu kayan kamar firinta suna buƙatar zama layi ɗaya da wayar da ke aika musu aiki.

Ɓoye sunan Wi-Fi da tace adireshin MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura, kuwa, wasu na yabonsu, ni ban ga abin yabo ba. Wanda ya san aikin zai tsallake su cikin mintuna, kai ne za ka sha wahalarsu duk ran da aka sayi sabuwar waya.

Mataki na bakwai: katangar tsaro

Katangar tsaro, wadda za ka gani a saiti da sunan Firewall, kamar mai gadi take da littafi a hannu. Duk lokacin da wayarka ta aika neman wani shafi, sai ya rubuta: wance ta aika wuri kaza. Idan amsa ta dawo, ya duba littafin, ya ga ana jiranta, ya buɗe. Wanda ya zo ƙwanƙwasawa ba tare da an aika masa ba, ko kallo bai ishe shi ba. Wannan riƙe lissafin shi ake nufi da SPI idan ka gan shi a saitin. Kuma ƙwanƙwasawar ba ta tsayawa, domin akwai injinan da aikinsu ke nan, bin adireshi ɗaya bayan ɗaya suna taɓa ƙofofi.

Shiga sashen tsaro ka tabbatar katangar a kunne take. Duba sau biyu: ta IPv4 da ta IPv6, wato tsohon tsarin adireshin intanet da sabo. A tsohon tsarin IPv4 duk na'urorin gida suna fakewa ne bayan adireshi ɗaya, wannan ma ya zama kariya ko da ba don ita aka yi shi ba. A IPv6 kowace na'ura tana iya samun nata adireshin da duniya ke gani, don haka katangar ce kaɗai tsakaninta da waje.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar yawanci daga ciki ake yinta. Ga wuraren dubawa. Remote Management yana ba da damar buɗe shafin saiti daga wajen gida, kashe shi. UPnP yana barin kowace na'ura a gidan ta buɗe wa kanta ƙofa a katangar ba tare da ta tambaye ka ba, mai kirki da muguwa duk ɗaya. Kashe shi ka gani. Idan na'urar wasan yara ta fara ƙorafi, buɗe mata ƙofar da take buƙata kaɗai da hannunka. Port Forwarding shi ne jerin ƙofofin da aka buɗe da gangan, duk wadda ba ka san dalilinta ba, goge ta. DMZ kuwa fitar da na'ura ce gaba ɗaya waje da katanga, kada ka sa komai a ciki, ko da wani ya ce shi ne gajeriyar hanyar gyara matsalar kyamara.

Ƙofofin nan lambobi gare su. Ta 23 ta Telnet ce, tsohuwar hanyar sarrafa na'ura daga nesa, ita Mirai ta bi. Ta 3389 ta sarrafa kwamfutar Windows daga nesa ce. Ta 445 ta raba fayiloli ce, kuma ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bazu a Mayun 2017, ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da maganin raunin tun watan Maris. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofin da ya kamata ta kalli waje daga gidan zama.

Katangar rauta ba ta bin kwamfutarka idan ka fita da ita, kuma ba ta kare ta daga wata na'urar cikin gida da ta kamu. Don haka kowace kwamfuta na buƙatar tata. Windows yana zuwa da ita a kunne tun 2004, ka dai shiga Windows Security ka tabbatar ba wanda ya kashe ta. Idan ka hau Wi-Fi na otal ko filin jirgi, zaɓi Public, a gidanka kaɗai za ka zaɓi Private. A Mac, duba System Settings, sashen Network, domin ba lallai ka same ta a kunne ba. A Ubuntu, rubuta umarnin sudo ufw enable ya wadatar. Ga mai amfani na gida, ban ga dalilin sayen wata katangar daban ba, kuma sa biyu a kwamfuta ɗaya rigima kawai yake haifarwa.

Ka kuma san iyakarta. Mai gadin nan yana buɗe wa duk wanda kai ka aika a kira. Idan ka latsa mahaɗin ƙarya ka rubuta bayanan bankinka, ko ka sauke manhajar sata ka girka, katanga ba ta da ta cewa. Abin da ke ɗan rage wannan shi ne canza DNS a rautar, wato sashen da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshi. Quad9, mai lamba 9.9.9.9, yana ƙin kai ka shafukan da aka san na cuta ne. Cloudflare yana da 1.1.1.2 mai irin wannan aikin, da 1.1.1.3 da ke ƙarawa da toshe shafukan batsa, abin da gida mai yara zai so.

Mataki na takwas: gwaji

Soka kebul daga kwamfuta zuwa rauta, ka gwada gudu a Speedtest ko fast.com. Wannan shi ne abin da kamfani ke ba ka. Cire kebul ɗin ka sake gwadawa da Wi-Fi, ɗaki ɗaki. Idan na kebul ya yi ƙasa, kamfani za ka kira, da lambobinka a rubuce da ranaku da lokuta. Idan na kebul lafiya lau ne amma na ɗaki ya faɗi, matsalar a cikin gida take.

Don gwada katangar, shafin grc.com yana da ShieldsUP, wanda ke ƙwanƙwasa ƙofofinka daga waje ya nuna maka sakamako: kore na nufin ba a ma ga ƙofar ba, ja na nufin a buɗe take. Amma fara duba adireshin waje da rautarka ta nuna. Idan yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya haɗa ku da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, kamar yadda aka saba a layukan waya, don haka ƙofar kamfanin gwajin yake taɓawa, ba taka ba.

Duk bayan wata biyu ko uku, leƙa jerin na'urorin da ke kan rautar. Idan ka ga wadda ba ka gane ba, kada ka firgita nan take, sau da yawa talabijin ne ko waya mai baƙon suna. Kashe naka ɗaya bayan ɗaya ka ga wadda ta rage, in har akwai, canza kalmar sirri. Rubuta kalmomin sirrin biyu a takarda ka adana inda ka sani, ba a jikin rautar ba. Ran da masu ƙera ta suka daina sabunta ta kuma ka yanke shawarar canzawa, kafin ka ba wani ko ka jefar, nemi ɗan ramin da ke bayanta, sa tsinke ka danne kamar sakan goma zuwa sha biyar har fitilun su ɗauke su dawo, domin sunan layinka da kalmomin sirrinka duk suna cikinta.